Gawa a falo, shayi a hannu: abinda masu karatu ke nema a ƙarshen littafi

Ina da wata ɗabi'a da ba zan ce mai kyau bace, in na gama littafi sai na shiga Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke rubuta ra'ayinsu kan littattafai, na tsallake duk masu bada tauraro biyar na dire kan masu tauraro ɗaya da biyu, don a nan mutane ke fitar da abinda ke cinsu ba kara. Kwanakin baya na yi haka da wasu littattafai iri biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, na farko irin labaran binciken kisan kai masu sanyi ɗin nan da Turawa ke kira kozi, na biyu kuma labarin da mai fama da ciwon da ba ya warkewa ya rubuta kan rayuwarsa. Abinda ya ban mamaki shine ƙorafin duka ɓangarorin tushensa ɗaya, kowa yana jin an karya masa alƙawari. Sai dai ɗaya alƙawarin da gaske an yi shi, ɗayan kuwa mai karatu ne ya ƙulla wa kansa ba wanda ya ɗaukar masa.

Bari in fara da kozi tunda ba kowa ya san sunan ba ko da ya taɓa karantawa. Labari ne na kisa, eh, amma kisan da ba za ka ga jini ba. Ana tsintar gawa a wani ƙaramin gari da kowa ya san kowa, wanda aka kashe ɗin ma yawanci ba mai son shi, ko mugun mai gidan haya ko wata mai baki da ta addabi unguwa, to sai wata da ba ƴar sanda ba, mai shagon biredi ko mai kula da laburare ko tsohuwa mai saƙa, ta shiga tambaye-tambaye har ta gano wanda yayi. Uwar wannan salo ita ce Miss Marple ta Agatha Christie, wadda littafin farko da aka rubuta a kanta ya fito a 1930, tsohuwa ce a ƙauyen St Mary Mead na Ingila, makaminta kawai gulma da sanin halin mutane, in an kawo mata labarin wani sai tace ai ya tuna mata da wane ɗan gidan wane da yayi kaza. Duk wanda ya tashi gidan da akwai kaka ya san wannan dabarar. Ita Christie ɗin ma ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na ɗaya, shi yasa guba ta yi yawa a littattafanta, kuma guba kisa ce mai tsafta, ba ta ɓata kafet.

Daga baya Amurkawa suka ɗauki abin suka maida shi sana'a sosai. Akwai jerin da kyanwa ke taimakawa wajen bincike, akwai wanda ake saka maka yadda ake haɗa cincin da kek a tsakanin babi da babi, ka gama karanta an tsinci gawa a bayan shago sai ka juya shafi ka ga kofi biyu na fulawa da rabin kofi na suga. Shirin talabijin na Murder, She Wrote ya yi shekara 12 ana yi, daga 1984 zuwa 1996, a wani ɗan garin bakin teku da aka ƙirƙira mai suna Cabot Cove, har masu kallo suka maida shi abin barkwanci wai ƙaramin gari haka amma kullum sai an kashe wani, to wa ya rage? A Afirka ma akwai jerin littattafan Mma Ramotswe ta Gaborone a Botswana, tun 1998, ita kam yawancin shari'o'inta ma ba kisa bane, miji ne ya ɓata ko ana zargin ma'aikaci da sata, ta zauna da shayinta ta warware.

Salon har da dokokinsa. Kyautar Agatha da ake bayarwa a taron Malice Domestic a Amurka tun ƙarshen shekarun 1980, sharaɗinta a fili yake, ba batsa ƙarara, ba zubar da jini mai yawa, ba ta'asa ta ba gaira ba dalili. Masu karatu kuma sun ƙara nasu dokokin da ba a rubuta ba kuma sun fi na rubuce tsanani. Ka kashe mutum uku a littafi ba wanda zai ce uffan, amma ka taɓa kare ko kyanwar jarumar ka gani, za a yi maka ruwan tauraro ɗaya, wasu ma kafin su saya sai sun tambaya ko dabbar ta tsira. Haka ashar, wata za ta rubuta sakin layi guda kan kalmar zagi ɗaya da ta gani a shafi na ɗari da wani abu. Na uku kuma wanda ya fi komai, dole a ƙarshe a faɗi wanda yayi kisan da dalilinsa, kuma ya kasance an baka alamu tun farko yadda in ka koma baya za ka ce kai, ashe ga shi nan ban lura ba. Rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya, wannan ranar ɗaya ita aka biya kuɗi a gani. In marubuci ya bar abin a buɗe wai mai karatu ya yanke hukunci da kansa, to ya ci amana, kuma a ganina masu ƙorafin suna da gaskiya, don abinda aka tallata musu kenan.

Su kuma masu raina salon ba yau suka fara ba. A 1944 wani babban mai sharhin adabi a Amurka, Edmund Wilson, ya rubuta a mujallar New Yorker yana mamakin me mutane ke samu a labaran bincike, sai wasiƙu suka yi ta zuwa masa daga masu karatu, kowa na cewa ai ba ka karanta na kirki bane, karanta wane, karanta wance. Ya je ya karanta, ya dawo a 1945 ya rubuta wani da ya fi na farkon zafi, taken ma tambaya ce ta raini, wai wa ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd, wato mutumin da aka kashe a wani littafin Christie. Raymond Chandler shima a 1944 ya yi musu tatas, shi ƙorafinsa kisan ƙauyen Ingila ba kisan gaske bane, wasan wasa ƙwaƙwalwa ne aka sa wa kayan mutane. Wanda ya fi burge ni a cikinsu mawaƙi W. H. Auden ne, a 1948 ya fito ya amsa laifinsa cewa shi fa karatun nan ya zame masa jaraba kamar taba, in ya fara ba ya iya wani aiki sai ya gama, da ya gama kuma ya manta labarin. Bai ce adabi ne mai zurfi ba, ya dai bayyana abinda yake yi masa: gari yana zaune lafiya, wani ya ɓata shi, kowa ya zama abin zargi, sai a zaƙulo mai laifin guda ɗaya a cire shi gari ya koma yadda yake. Ƙurunƙus.

To riƙe wannan tsarin a ranka, lafiya, matsala, bincike, gano mai laifi, komawa lafiya, don da shi ɗin mutane ke shiga ɗaya littafin.

Labarin jinya da mai ciwon ya rubuta da kansa shima tsohon abu ne, Virginia Woolf tun 1926 take mamakin yadda ciwo bai samu gurbi a adabi kamar soyayya da yaƙi ba alhali kowa na yinsa. Amma a shekarun nan ne aka samu yawaitar na masu ciwo mai naci, irin su lufus, ciwon gajiya mai tsanani, cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, ciwon Lyme da ake ɗauka daga cizon kaska, sannan bayan 2020 ga masu korona da ta ƙi sakinsu. In ka karanta sharhin masu karatu a kan irin waɗannan sai ka ga an rabu gida biyu tsaf kamar an ja layi. Masu ciwon ko masu jinyar wani suna rubuta dogon bayani, rabinsa ma ba kan littafin bane, labarin kansu ne, shekara nawa suka yi suna yawon asibiti, likita nawa ya ce musu damuwa ce kawai. Ɗaya gidan kuma kalmominsu kusan iri ɗaya ne kullum: maimaici ya yi yawa, ta cika ƙorafi, ta cika son kanta, na gaji da zuwa wajen likita da ita, kuma babban laifin, wai labarin bai je ko'ina ba.

Wannan na ƙarshen shi nake so a tsaya a kai. Ina ake so ya je?

Wani masanin zamantakewa a jami'ar Calgary ta Kanada, Arthur Frank, wanda shi kansa ya yi ciwon zuciya sannan ya yi ciwon daji, ya fitar da littafi a 1995 inda ya kasa labaran ciwo gida uku. Akwai na maido da lafiya, jiya ina lafiya yau ba ni da lafiya gobe zan warke, wanda shine kowa ke son ji, shine na tallan magani. Akwai na neman ma'ana, inda ciwon ya zama tafiya mutum ya dawo da wani darasi. Sai na ruɗani, wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe, sai kaza ya faru sai kaza ya faru sai kuma kaza, kuma Frank ya lura shi wannan na ukun mutane basa iya zama su saurare shi, yana tsorata su. Ciwo mai naci kuwa yawancin kwanakinsa a gida na ukun yake zaune.

Mu ma ai muna da namu a baki, ba sai an je Kanada ba. Ka shiga gaida mara lafiya kace ya jiki, amsar guda ɗaya ce, da sauƙi. Ko yana murƙususu da sauƙi zai ce, ko a ce masa. Addu'a ce da kyakkyawan fata, ban raina ta ba, amma ka lura gaisuwar an gina ta ne kan ciwon da ke tafiya. Wanda aka gaida shi wata ɗaya, wata shida, shekara uku, sai ka ji salon ya fara canzawa, har yanzu jikin ne? Daga nan sai shawarwari, an gwada na Hausa kuwa, akwai wani mai magani a gari kaza, daga nan kuma sai a fara ƙus-ƙus ko dai raki ne, ko son jiki. Ba mugunta bace yawanci, mutane ne suka ƙosa a rufe labarin. Mai tauraro biyun can na Goodreads da yace labarin bai je ko'ina ba, shine dai mai cewa har yanzu jikin ne, kawai shi da Turanci ya faɗa.

Abinda zai nuna maka haka ne, duba wane labarin ciwo ne ya fi samun karɓuwa. Susannah Cahalan ƴar jarida ce a New York, tana da shekara 24 a 2009 ta fara ruɗewa, zargin mutane, farfaɗiya, har aka fara maganar taɓin hankali. Sai wani likita ɗan asalin Siriya ya miƙa mata takarda yace ta zana agogo. Ta zana da'ira, ta tattara lambobin duka daga 1 har 12 ta cusa su a ɓangaren dama, hagu ba komai. Daga nan ya gane matsalar a ƙwaƙwalwa take, kumburi ne, garkuwar jikinta ce ke kai mata hari, aka yi magani ta warke ta koma aiki ta rubuta littafi a 2012 ya yi kasuwa har aka yi fim. Ka duba da kyau, ai kozi ne wannan. Ga waɗanda aka zarga bisa kuskure, ga alama ƴar ƙarama da kowa ya tsallake, ga mai basira ɗaya da ya gani, ga mai laifi an kama shi da suna. Ba laifinta bane, haka abin ya faru da ita kuma Allah ya taimake ta, amma shi yasa mai lafiya ke karanta shi ya rufe da murmushi.

Kwatanta da Hilary Mantel, marubuciyar da ta ci kyautar adabi ta Booker sau biyu. Tun tana budurwa take fama da ciwo, likitoci suka ɗauka matsalar tunani ce suka yi ta ɗura mata magungunan ƙwaƙwalwa da suka ƙara rikita ta. Tana zaune a Botswana ne, ƙasar su Mma Ramotswe ɗin dai, ta ɗauki littafin likitanci ta bincika da kanta ta gano sunan abinda ke damunta, ciwon nan da irin naman cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. To a kozi nan ne za a tara kowa a falo a nuna mai laifi a sha shayi. Ita kuwa gano sunan ya kai ta ga tiyata tana da shekara 27 wadda ta raba ta da haihuwa har abada, magungunan bayan nan suka canza mata jiki gaba ɗaya, ciwon kuma bai barta ba. An kama ɓarawo amma kayan basu dawo ba, ɓarawon ma ya tare a gidan. Littafin Meghan O'Rourke na 2022 shima haka, shekaru tana nema, ta samu amsoshi amma rabi-rabi, sauƙi ya samu ba warkewa ba. Porochista Khakpour kuwa da ta rubuta nata a 2018 kan ciwon Lyme ta gamu da wani abu daban, tunda likitoci kansu suna jayayya kan nau'in ciwon mai daɗewa, kuma ita bata ɓoye shaye-shayen ƙwayoyi da rikicin soyayyarta ba, sai wasu masu karatu suka koma Miss Marple a kanta, suna bin shafi-shafi suna neman inda maganarta ta ci karo, wato tunda ba a basu mai laifi ba bari su maida marubuciyar ita ce wadda ake zargi. Wannan ɗin ni shi ya fi ɓata min rai, don abinda ta sha a ɗakin likita shi ta zo ta sake sha a hannun wanda ya sayi littafinta.

Ba wai ina cewa duk littafin mara lafiya sai an yaba ba fa. Akwai masu rauni, akwai wanda edita ya kamata ya rage masa shafi hamsin, akwai kuma ƙorafi mai ma'ana da nake yawan gani daga su masu ciwon kansu, cewa yawancin masu samun damar rubutawa masu hali ne, suna da kuɗin zaga ƙwararru da gwaje-gwajen da inshora bata biya, wanda ba shi da ko kuɗin mota zuwa asibiti ba zai ga kansa a ciki ba. Wannan suka ce ta gaskiya. Wadda ban yarda da ita ba ita ce a rage wa mutum tauraro don bai warke ba.

Sai kuma abinda ya fi komai ɗaure kai a lamarin, wanda ya hana ni raba mutanen nan gida biyu in huta. Su masu ciwo mai nacin suna cikin manyan masu cinye kozi. Ina da ƙanwa ƴar kawuna mai sikila, kuma a Najeriya wannan ba baƙon abu bane tunda ƙiyasin da ake yawan kawowa jarirai wajen 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Wani dare ciwon ya tashi muka kwana asibiti, wajen ƙarfe biyu allurar ta ɗan fara aiki amma barci ya ƙi, hannu ɗaya da ƙarin ruwa, ɗayan riƙe da waya ta rage hasken. Na leƙa na ɗauka chatin take, ashe wani labari ne na wata mai shagon furanni da aka tsinci gawa a bayan shagonta. Nace ke yanzu a wannan halin kisan kai kike karantawa? Tace yaya ai shi wannan na san zai ƙare. Na taɓa tura mata ɗaya daga cikin littattafan jinyar nan ina ganin na yi abin kirki, ta karanta babi biyu tace yana da kyau, gaskiya ne duk abinda matar ta faɗa, amma ita a ciki take, ku ya kamata ku karanta.

Akwai ma dalili na zahiri bayan na zuciya. A 2003 wata Ba'amurkiya mai lufus, Christine Miserandino, ta bada labarin yadda ƙawarta ta tambaye ta a gidan cin abinci wai ya ake ji, sai ta tattaro cokula 12 daga tebura ta damƙa mata tace ga ƙarfinki na yau, fara lissafa min abinda za ki yi. Tashi daga gado ta karɓe cokali ɗaya, wanka ɗaya, sa kaya ɗaya, kafin a fita aiki rabi sun tafi. Har yau masu irin wannan ciwon da cokali suke lissafin ƙarfinsu a intanet. To karatu ma cokali yake ci. Littafin da babinsa gajeru ne, mutanensa ka riga ka sansu tun littafi na ɗaya ga shi kana na goma sha bakwai, in hankalinka ya ɗauke na shafi uku ba abinda ka rasa, ba abinda zai firgita ka ya tada maka bugun zuciya, wannan cokali ɗaya zai ci ko rabi. Duk abinda Wilson ya raina a 1945, maimaici da sauƙi da sanin inda za a, shine daidai abinda mai kwana da ciwo ke iya ɗauka.

Marubutan kozi na yanzu kamar sun gane waye ke karanta su. Jerin Thursday Murder Club na Richard Osman da ya fara a 2020, jaruman tsofaffi huɗu ne a gidan ƴan fansho a Kent, kuma mijin ɗaya daga cikinsu, Stephen, yana fama da ciwon mantuwa da ke ƙaruwa daga littafi zuwa littafi. Kisan ana warware shi kowane karo, shi kuwa ciwon Stephen ba mai warware shi, kuma a na huɗun da ya fito a 2023 masu karatu da yawa sun rubuta cewa sun sha kuka, wasu har suna cewa ba haka muka yi da kai ba, mun zo dariya ne. Amma taurarin basu ragu ba, biyar-biyar suka bayar suna share hawaye. Wato za su iya zama da ciwon da ba ya warkewa har tsawon littafi huɗu, in dai a gefe ana miƙo musu wani abu ɗaya da aka kammala.

Ita ƙanwar tawa an sallame mu bayan kwana huɗu. A mota na tambaye ta to waye ya kashe mutumin, tace akawun cocin ne, tun babi na shida ta gane, ta dai ƙarasa ne don ta tabbatar. Muna isa gida maƙwabta suka fara shigowa, ya jiki, ya jiki, tana daga kwance tana cewa da sauƙi, wayar na ƙarƙashin filo ta riga ta sauke na gaba.